Daga Bakin Rumfa: Lavenham, ƙauyen Ingila da shuɗin yadi ya ɗaukaka kuma ya kayar

Ina gaida na Kumasi da Akara, da na Lome da Kwatano, da na Duwala da Injamena, da duk inda neman halal ya kai ɗan'uwa da iyalinsa. Mako uku ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wasu sun aiko suna tambayar ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Tafiya ce ta kama ni zuwa Ingila. Ɗan ƙanena da ke aikin jinya a garin Ipswich ya yi mini takwara tun bara, ya matsa lallai sai na je na sa wa yaro albarka, shi ya ɗauki ɗawainiyar biza da tikiti. Na je, na ga takwara, na sha sanyi, na dawo. Tsarabar da na kawo muku kuwa labarin wani ƙauye ce.

Amma bari in fara da abin da na baro a gida, don shi ya sa ƙauyen ya tsaya mini a rai.

Kafin in tashi mun samu saɓani da babban ɗana, wanda muke zaman rumfa tare. Shekara biyu ke nan yana ce mini, “Baba, manyan atamfofin nan da shadda mai tsada ba sa tafiya kamar da. Mata yanzu sun fi son su sayi turmi uku masu sauƙi a kan su sayi ɗaya mai nauyi. Ka bar ni in kawo masu sauƙin, in riƙa sa hotunansu a WhatsApp.” Ni kuwa amsata ɗaya ce kullum: shekara 30 an san ni da kayan ƙwarai, ba zan tsufa ina sayar da abin da wanki biyu ke kashewa ba. Ana haka kaya na kwance a kanta, kuɗi sun ƙi juyawa, ga hayar rumfa ta ƙaru. Ranar da zan tafi filin jirgi ko sallamar kirki ba mu yi ba. Uwarsa ce ma ta rako ni bakin ƙofa ta ce, “Alhaji, ka tafi da maganar yaron nan a zuciya, ka juya ta.” Na ce to, don dai a rabu lafiya.

Gidajen da suka karkace

Wata Lahadi ɗan ƙanen nawa ya ce, “Baffa, shirya in kai ka wani ƙauye. Kai da kake harkar yadi ya kamata ka gan shi.” Ba mu yi awa ɗaya a mota ba muka isa. Sunan ƙauyen Lavenham, a gundumar Suffolk da ke gabashin Ingila, kimanin kilomita 120 daga Landan. Mai zuwa daga Landan kan hau jirgin ƙasa zuwa Sudbury, daga nan ya shiga bas. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen ƙauyen 1,722 ne. Kun ga ke nan unguwa ɗaya a zangonmu ta fi shi jama'a.

Muna shiga na ce a tsaya. Jama'a, gidaje ne na katako da yaɓe, wasu farare, wasu ruwan hoda, wasu ruwan ɗorawa, kuma da yawansu a karkace suke. Wani ya jingina da maƙwabcinsa kamar tsohon da ya gaji, wani benen sama ya leƙo kan titi ya fi na ƙasa faɗi. Na ce wa yaron, “Kai, a wajenmu da tuni an shafa wa wannan jan fenti an ce a rushe.” Ya yi dariya ya ce, “Baffa, wannan da kake gani ya haura shekara 500, kuma ko tagarsa mai shi bai isa ya canza ba sai da izinin hukuma.” Gine-gine sama da 300 ne a ƙauyen doka ta kare su haka.

Dalilin karkacewar ma ciniki ne. A lokacin da kuɗi ke shigowa garin kowa sauri yake ya gina, sai aka riƙa aiki da ɗanyen katako. Da katakon ya bushe sai ya murɗe, ginin ya bi shi. Lokacin da ya kamata a gyara kuwa, kuɗin sun riga sun tafi.

Takardar sarki da ranar kasuwa

Tsakiyar garin wani fili ne mai faɗi, shi ne tsohuwar kasuwa, yau motoci ake ajiyewa a ciki. A 1257 Sarki Henry na 3 ya ba garin takardar izinin cin kasuwa. A Ingila ta wancan zamani ba kowa ke tashi ya kafa kasuwa ba. Sarki ke ba da izini ga basaraken da ke riƙe da ƙasar, shi kuma ya riƙa karɓar kuɗin rumfa da na kaya, a madadin haka ya tabbatar da tsaro da gaskiyar awo. Masu riƙe da Lavenham su ne gidan de Vere, masu sarautar Oxford, kuma ƙasar ta yi sama da shekara 500 a hannunsu.

Abin da ya burge ni shi ne yadda suka yi lissafin tazara. Wani babban masanin shari'a na wancan ƙarni mai suna Bracton ya ce sabuwar kasuwa za ta cuci tsohuwa in tsakaninsu bai kai mil 6 da kashi biyu cikin uku ba, wato kusan kilomita 11. Hujjarsa ita ce mutum na iya tafiyar mil 20 a yini. Sai ya raba yinin uku: kaso ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin duhu, don gudun 'yan fashi. Duk wanda ya taɓa bin kasuwannin ƙauye da jaki ko da keke ya san wannan lissafi ba sai an karanta masa ba.

Suna da dokar hana tare masu kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa don a tsauwala farashi. Suna da dokar nauyin burodi. Sannan a kasuwanni da manyan bukukuwan ciniki na ƙasar akwai wata kotu da sunanta ke nufin “kotun masu ƙura a ƙafa”, wato ta fatake. In baƙo ya samu rikici da ɗan gari a kan bashi ko awo, nan take ake yanke hukunci, don an san baƙo ba zai iya zaman jiran wata ba. Da na ji wannan sai na tuna kwanakin da muke ɓatawa a kan iyaka da kaya a mota, na ce ashe mutanen shekara 700 da suka wuce sun san darajar lokacin baƙo.

A tsakiyar filin har yanzu akwai wani dogon dutse mai matakala. Wani attajirin yadi mai suna William Jacob ne ya bar wasiyyar kuɗin gina shi a 1501. Kasuwar mako-mako ta mutu tun da daɗewa, dutsen na nan.

Shuɗin Lavenham

Arzikin garin daga gashin tumaki ya fito. Da farko Ingila ɗanyen ulu take fitarwa zuwa Flanders, yankin da yau yawancinsa ke cikin Beljiyam, can a saƙa a ci ribar. Ulu ya yi daraja a ƙasar har shugaban majalisar dattawansu a kan buhun ulu yake zama, kuma har gobe haka ne. A ƙarni na 14 sarakuna suka ɗora haraji mai nauyi a kan fitar da ɗanyen ulu don su samu kuɗin yaƙi. Sai ya zama saƙawa a gida ta fi riba. Garuruwan Suffolk suka kama sana'ar, Lavenham ta yi fice da wani yadi mai faɗi da kauri, kamar mulufi amma shuɗi.

Da wani ganye mai suna wod suke rinin, kuma sinadarin shuɗin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin ganyen baba da marinanmu ke aiki da shi. Da yawa daga kudancin Faransa ake kawo musu shi. Ulun suke rinawa tun kafin a kaɗa a saƙa, shi ya sa launin ke kama jiki ba ya saurin koɗewa. Ina tsaye gaban hoton tukunyar rininsu sai Ƙofar Mata ta faɗo mini, wadda ake cewa an kafa marinarta a 1498. A daidai shekarun da Kanawa ke tsoma yadi a karofi, waɗannan ma hannuwansu shuɗi ne, ga nisan duniya a tsakani.

Tsarin aikin ma za ku gane shi. Babu masana'anta. Attajiri ke sayen ulu ya ba marina, ya raba wa mata su kaɗa a gidajensu, ya kai wa masaƙa, daga nan a wanke a daka yadin har ya yi kauri, a shanya a kan katakai masu ƙugiya don kada ya tsuke, a aske gashin da ya tashi. Kowa ana biyansa ladan aikinsa, amma yadin daga farko har ƙarshe na attajiri ne. Shi ke ɗaure diloli ya tura babbar kasuwar yadi ta Blackwell Hall a Landan, daga nan a haye teku da su, har ƙasar Rasha shuɗin Lavenham ya kai. Shi ke da jari, shi ke da hanya, shi ke da riba. In ya yi atishawa gari duka ya kamu da mura.

Riba kuwa an ci. A lissafin harajin 1524 wannan ɗan ƙauye shi ne na 14 a arziki a duk Ingila, ya biya abin da ya fi na manyan birane irin York da Lincoln.

Attajiri, hasumiya da ƙungiya

Babban attajirin garin shi ne Thomas Spring, na uku mai wannan suna a gidansu, wanda ya rasu a 1523. Ana cewa a zamaninsa, in ka cire masu sarauta, da wuya a samu wanda ya kai shi dukiya a wajen Landan. Shi da wasu attajirai da basaraken Oxford suka zuba kuɗi aka sake gina cocin garin, daga wajen 1485 zuwa 1525. Hasumiyarsa ta haura mita 40, tun daga nesa kake hango ta a tsakiyar gonaki. Girman ginin ya fi ƙarfin yawan mutanen garin nesa ba kusa ba. In ka duba bangon za ka ga tambarin gidan Spring an sassaƙa shi a dutse sau da dama. Na ce wa ɗan ƙanena, “Ka ga ɗan Adam ko? Ko'ina halinsa ɗaya. Ya yi don lahira, amma yana so a san shi ya yi.” Ya ce, “Baffa, ai mu ma muna da masu sa sunansu a ƙofar masallaci.” Na ce Allah dai ya gyara mana niyya.

A gefen filin kasuwa akwai wani babban gidan katako, shi ne zauren ƙungiyar Corpus Christi, an gina shi wajen 1529. Garin na da ƙungiyoyi irin wannan da dama. Na addini ne da zumunci: kowa ya biya kuɗin shiga, in ɗan ƙungiya ya mutu a yi masa jana'iza da addu'a, in ya karye a tallafa masa, a shekara a yi walima. A wajen walimar ake ƙulla ciniki da aure. Wata tsohuwa 'yar sa kai da ke yi wa baƙi bayani a gidan ta yi ta zayyana mana wannan, yaron na fassara mini inda Turancinta ya yi mini sauri. Ni dai murmushi nake, don ƙungiyarmu ta 'yan yadi take siffantawa ba ta sani ba.

Sai dai zauren bai yi shekara 20 yana aikin da aka gina shi dominsa ba. A 1547, bayan sarautar Ingila ta raba gari da Fafaroma, aka soke irin waɗannan ƙungiyoyi aka ƙwace dukiyarsu. Gidan da attajirai ke cin walima ya koma kurkuku, ya koma gidan da ake tara matalauta ana sa su aiki don su ci abinci, ya koma ma'ajiyar ulu. Duniya rawar 'yan mata.

Yadda kasuwa ke mutuwa

Nan ne na kasa kunne da kyau, don ina so in ji abin da ya kashe su.

Na farko haraji da yaƙi. A 1525 Sarki Henry na 8 na neman kuɗin yaƙi da Faransa, wazirinsa Wolsey ya ƙaƙaba wani sabon haraji ba tare da majalisa ba, aka ba shi suna mai daɗi kamar gudummawar so da ƙauna ce. Ga shi ba a gama farfaɗowa daga harajin baya ba. Attajiran yadi suka ce ba za su iya biya su kuma ci gaba da ba da aiki ba, suka sallami ma'aikata. Masaƙa da makaɗa da sauran talakawa kimanin 4,000 suka taru a yankin Lavenham suka ce ba su biya. Abin ya girgiza fada har sarki ya janye harajin, ya yi wa jagororin afuwa. Talakawa sun yi nasara a wannan karon, amma yaƙe-yaƙen Turai sun ci gaba da toshe hanyoyin da yadin ke bi.

Na biyu magada. Da Thomas Spring ya mutu, dukiyarsa ta karkata ga gonaki da neman sarauta. Ɗansa John ya zama basarake mai filaye, gidan ya fita daga harkar yadi. Jarin da ke ciyar da ɗaruruwan gidaje ya bar garin ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Wannan kam mun sha gani: maigida ya faɗi, 'ya'ya su raba, kowa ya sayi gida da mota, yaran shago su watse.

Na uku shi ya fi taɓa ni. Daga shekarun 1560 wasu 'yan gudun hijira daga Holan da Flanders, waɗanda rikicin addini ya koro, suka sauka a Colchester, gari ne da bai da nisa da Lavenham, wasu kuma a Norwich. Suka zo da wata irin saƙa: yadi marar nauyi, mai sauƙin kuɗi, mai launi iri-iri, wanda ya dace da ƙasashe masu zafi. Masu saye suka koma can. Yadin Lavenham ya fi kauri, ya fi ƙarko, babu mai musu. Amma mai saye ba ƙarko yake nema a lokacin ba. Cikin 'yan shekaru garin da ke aika diloli har Rasha ya koma kaɗa zare yana sayar wa masaƙan wasu garuruwa.

Ina jin haka sai na ji kamar tsohuwar nan ɗana ne ya aiko ta. Na yi shiru. Yaron ya ce, “Baffa, lafiya?” Na ce sanyi ne.

Kuma ku lura da su wa suka kawo sabuwar saƙar: baƙi ne, 'yan ci-rani irinmu. Baƙo kan ga abin da ɗan gari ya daina gani. Mu da iyayenmu suka shigo ƙasashen mutane da wannan idon, yau mun zauna mun zama 'yan garin da ba sa son canji.

Mu ma muna da namu misalin. Salaga ta yi zamaninta a cinikin goro, fatake daga ƙasar Hausa can suke dosa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara sauyawa, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da sauran zangogi. Kakannin wasu daga cikin masu karanta wannan shafi suna cikinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Talaucin da ya zama jari

Abin mamaki, talaucin ne ya adana garin. Garuruwan da suka ci gaba da samun kuɗi sun rushe gidajen katako sun yi na bulo irin na yayi. Mutanen Lavenham ba su da halin haka, suka ci gaba da zama a na kakanni. A ƙarni na 19 sun rayu da saƙar gashin doki da tabarmin ɓawon kwakwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1865, aka daina ɗaukar fasinja a 1961, yau hanyar jirgin ta zama ta masu tattaki. A yaƙin duniya na biyu sojojin saman Amurka sun yi sansani kusa da garin, har yau sa hannunsu na nan a bangon wani ɗaki a otal ɗin Swan.

A farkon ƙarni na 20 mutane suka farga cewa tsofaffin gidajen nan dukiya ne. An taɓa fara kwance wani daga ciki don a kai shi wani gari a sake haɗawa, 'yan gari suka tashi tsaye sai da aka mayar da shi. Wasu tagwaye sojoji masu suna Gayer-Anderson suka sayi gidan Little Hall, wanda aka gina tun shekarun 1390, suka gyara shi. Ɗaya daga cikinsu ya daɗe a Masar, kuma gidan da ya zauna a Alƙahira, jikin masallacin Ibn Tulun, yau gidan tarihi ne mai ɗauke da sunansa. Zauren ƙungiya kuwa tun 1951 yana hannun National Trust, mai kula da wuraren tarihi. Har wayoyin da ke rataye a tituna an binne su a ƙasa don kada su ɓata wa garin fuska. Masu fim ɗin Harry Potter ma sun yi amfani da hotunan gidajen, jikokinku za su gaya muku.

Yau baƙi ne kasuwar garin. Suna zuwa kallon gidajen da talauci ya hana a rushe, su kwana, su ci, su sayi tsaraba.

Zaman garin a yau

Mun yi sa'a ranar ta dace da kasuwar manoma, wadda ke ci sau ɗaya a wata a zauren taron garin. Zuma, cuku, burodi, ruwan tuffa, kayan lambu, kowa abin da ya noma ko ya sarrafa da hannunsa ya kawo. Na ɗauki kwalbar zuma, matar ta faɗi kuɗi, ni kuma bisa al'ada na buɗe baki zan taya. Yaron ya taka mini ƙafa ya ce, “Baffa, don Allah, nan ba a tayi.” Na ce kasuwar da babu tayi babu albarka, ina daɗinta? Ya miƙa kati aka cire kuɗin, ko minti ɗaya ba a yi ba. Zumar dai ta yi kyau, Hajiya ta shaida.

Abin da na lura da shi shi ne yawan aikin sa kai. 'Yan majalisar ƙauye zaɓensu ake yi, ba don albashi suke yi ba. Masu kaɗa ƙararrawar coci, masu yi wa baƙi bayani, masu shirya taruka, yawanci tsofaffi ne da suka yi ritaya. A allon sanarwa na ga takardun taro iri-iri, kowanne da rana da lokaci. Kuma komai a rubuce yake. Sun san sunan wanda ya bar wasiyya a 1501 da abin da ya bari, don an rubuta an adana. Azahar ta same mu a can, ban ga masallaci ba, muka shimfiɗa darduma a gefen wani fili. Wani dattijo mai yawo da kare ya ja karensa ya kewaye ta nesa, da muka idar ya ɗaga mana hannu.

Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Kyan garin ya jawo masu kuɗi daga birni suna sayen gidaje, wasu don hutun ƙarshen mako kawai, wasu don ba 'yan yawon buɗe ido haya. Farashi ya tashi har yaron da aka haifa a garin ba ya iya zama a cikinsa. Furfura ta fi yawa a titi. Don haka mutanen garin suka kafa wata ƙungiyar mallakar fili ta al'umma, aka gina gidaje masu sauƙi domin 'yan gari. Wannan ma ciwon mun san shi: gidajen zango nawa aka sayar aka yi shaguna, 'ya'yan gidan suka koma bayan gari?

Da na dawo

A jirgi na juya maganar kamar yadda Hajiya ta ce. Ban yarda cewa kaya mai sauƙi shi ne maganin komai ba. Mai araha yau, gobe wani zai kawo wanda ya fi shi araha, kuma sunan da mutum ya gina da kayan ƙwarai ba abin zubarwa ba ne. Lavenham ma ba sabon yadi kaɗai ya kayar da ita ba, akwai haraji, akwai yaƙi, akwai magada. Amma waɗancan ba a hannun masaƙa suke ba. Sauraron mai saye kuwa a hannunsu yake.

Washegarin isowata na kira yaron bayan sallar asuba. Na ce, “Ɓangaren hagu na kanta naka ne, ga jari daidai gwargwado. Ka kawo abin da ka ce, ka sa a wayarka. Sharaɗi biyu: ba ka ce wa mai saye ƙaramin kaya babba ne, kuma duk sidin da ya shiga ko ya fita a rubuta.” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gode Baba, Allah ya ƙara girma.” Manyan atamfofina na nan a dama, masu aurar da 'ya'ya na zuwa. Wata shida za mu yi mu buɗe littafi mu ga wane ɓangare ya ciyar da gida. Duk yadda ta kaya zan faɗa muku a nan, ko da ni ne na sha ƙasa.

Sannan akwai maganar da zan kai taron ƙungiyarmu na wannan wata. Shekara nawa muna tara kuɗi muna jana'iza muna biki, amma ba mu da littafi ɗaya da ya ce ga wanda ya fara kafa rumfa a layinmu, ga garin da ya fito, ga shekarar. Dattawan da suka sani saura ƙalilan. Waya na hannun kowane yaro. A zaunar da su a ɗauki muryarsu tun suna raye, a samu mai rubutu ya rubuta.

Ku ma in akwai kasuwar da kuka sani tana ci a da, yau ta zama wurin ajiye motoci, ku aiko mana da labarinta da abin da ya kashe ta. Za mu kawo wasu a wannan shafi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a, ya sa mu gama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.